Gargaɗi: Naira 185,000 na tura wa mai sayar da ƙaramar kwamfuta, kwandon shara ya aiko min

Dubu ɗari da tamanin da biyar. Ban da dubu bakwai na mota daga Legas zuwa Kano. Tun jiya nake juya lissafin nan a kaina, barci ya ƙi zuwa.

Kuma kada wani ya ce min ban yi bincike ba. Na yi. Shekara uku ina da sabar gida, wato kwamfutar ajiyar bayanai, a kan wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta mai suna Raspberry Pi 4, hotunan iyali da karatuttukan malamai duk a ciki suke, har ta fara gazawa. Na kwashe sati biyu ina auna Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini da Lenovo Tiny kafin na tsaya a kan ThinkCentre M720q ta Lenovo mai firosesa i5-8500T, saboda kwakwalwa shida gare ta, ba ta shan wuta, inbata na zai riƙe ta ko NEPA ta ɗauke, kuma tana da gurbin PCIe da zan sa katin netwok. Proxmox, manhajar tafiyar da saba, nake son ɗorawa. Na san abin da nake nema sarai.

Mutumin nan bidiyo ya yi min. Ya kunna ta a gabana, RAM 16GB, SSD 256GB, har ya rubuta sunana a takarda ya ajiye kusa da ita. Na ce ya turo lambar siriyal, ya turo, na duba a shafin Lenovo, ta fito M720q daidai. To me kuma ya rage in yi?

Abin da ke cin raina shi ne ranar Juma'ar nan. Na ce zan tura kuɗi, ya ce, "A'a Alhaji, bari in sauko daga masallaci tukuna, kuɗi ba ya gudu." Wannan maganar ce ta kashe min jiki. Wanda ya ƙi karɓar kuɗi saboda sallah! Bari in sauko daga masallaci. Ƙarfe uku na tura masa 185,000 cif, ko ragin dubu biyar ban nema ba.

Ranar Talata na karɓo kwalin a tasha. A'a, Laraba ce, Talata ce ranar da ya daina ɗaukar waya, amma a lokacin na ɗauka netwok ne. Kai, tun kafin nan ma ya ce direban ya samu matsala a Lokoja, na yarda.

Na buɗe: M710q ce, ba M720q ba. Daga gaba sun yi kama, shi ya sa sai da na juya ƙasanta na ga siriyal ɗin daban. A ciki i3-6100T mai kwakwalwa biyu, RAM 4GB, tsohon faifan ajiya (hard disk) mai ƙara kamar injin markaɗe. Babu gurbin PCIe. An kulle BIOS, wato wurin saitin kwamfutar na asali, da kalmar sirri, ko saiti ɗaya ba na iya canzawa. Cajar ma ba ta Lenovo ba ce, minti goma ta yi zafi. Na kai wa wani mai gyara a Beirut Road, ya dube ta ya dube ni, ya ce, "Yallaɓai, nawa ka ce ka saya?" Na kasa maimaitawa. Ƙanina da ya ce in bari mu je kasuwa mu duba da ido, har yanzu ban faɗa masa ba.

Yanzu ya toshe ni a WhatsApp, ya sauya hoto, kuma wani ya ce min bidiyon nan ɗin dai aka tura masa, sunan takardar kawai aka canza. Hirarmu da rasit ɗin banki da hoton siriyal biyun duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar na rufe lambar asusuna. Na kai ƙorafi banki, sun ba ni fom na cike.

Kada ka biya sai kwamfutar tana hannunka. Ka shiga BIOS da kanka, ka haɗa siriyal ɗin ciki da na jikinta. Ni dai 185,000 tawa, da dubu bakwai na mota, ban yafe ba.