Fas ko Marrakish? Amsa ga ƙanenmu da ke Rabat

Assalamu alaikum. Ƙanenmu da aka tura Rabat, babban birnin Maroko, horon aiki na wata uku ya yi tambaya jiya da daddare: Asabar da Lahadi guda ce ta rage masa kafin ya dawo gida, Fas zai je ko Marrakish? Na ga an yi ta turo masa hotuna, amma ba wanda ya tsayar masa da magana. Ni ma na taɓa irin wannan zama a Rabat, kuma na taka garuruwan biyu. Ƙanena, ka je Fas. Ga dalilina.

Mu fara da hanya, domin mai kwana biyu a hannu, hanya ce ke fara cin rabonsa. Daga tashar Rabat Ville zuwa Fas wajen awa uku ne a jirgin ƙasa, zuwa Marrakish kuwa kusan huɗu. Jirgin nan mai gudu, Al Boraq, da aka buɗe a 2018, tsakanin Tanja da Kasabalanka yake kai-komo, don haka kada ka sa shi a lissafi. Awa guda a tafiya, guda a dawowa, ga mutumin da zai shiga ofis da safiyar Litinin ba ƙaramin abu ba ne. Ka yanki tikiti tun ranar Laraba, saboda yammacin Juma'a da na Lahadi jirgi cika yake yi.

Fas gari ne da ake ci da ƙafa. Tasi zai sauke ka a Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin ado da aka gina a 1913, daga nan mota ta gama aikinta. Cikin birni sai lunguna, wasu ko mutum biyu ba sa gittawa, kaya kuwa jakuna da alfadarai ke ɗauka. In ka ji an ce "balak!" a bayanka, ka raɓe jikin bango. Wanda ya san cikin Kasuwar Kurmi zai ji kamar ya san wurin, sai dai a nan garin ne gaba ɗaya haka. Hanyar tana gangarawa da kai har Masallacin Ƙarawiyyin, wanda wata baiwar Allah, Fatima al-Fihriyya, ta gina a 859, kuma har yau ana salla ana karatu a cikinsa. Kafin ka kai can za ka wuce makarantar Bu Inaniyya ta ƙarni na 14. Ka shiga, ka zauna ko na minti ashirin ne, ka kalli sassaƙar katako da rubutun da ke jikin bango. Ni a nan na fi daɗewa.

Ba nisa da Ƙarawiyyin zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, inda kabarinsa yake. A Fas ya rasu a 1815. In kai ɗan ɗariƙa ne, ba sai na ƙara komai ba. In ma ba kai ba ne, ka leƙa, domin da wuya ka fito ba ka haɗu da mutanen Senegal ko Mali ko namu ba. Ni a bakin ƙofar na ji wani dattijo yana waya da Hausa, bayan na yi sati bakwai ban ji ta a bakin kowa ba, har sai da na tsaya muka gaisa. Abu ɗaya ka lura: zikirin Juma'a bayan la'asar ake yi, kai kuma Juma'a ranar aiki ce a Maroko. In kana son ka same shi, sai ka roƙi shugabanka rabin yini tun da wuri. In bai samu ba, wazifa tana nan kullum.

Sai majemar Shuwara. Daga saman shagunan dukawa ake hango ramukan jima da na rini, kuma za a miƙo maka ganyen na'ana'a ka kare hanci. Karɓi, warin ba na wasa ba ne. Kana tsaye a nan ka tuna cewa fatar jar akuyar Sakkwato da ayari ke haurawa da ita Sahara, a Turai da sunan fatar Maroko aka san ta.

Marrakish kuma, kada wani ya ce maka garin Turawa 'yan yawon buɗe ido ne kawai. Wannan magana tana ɓata min rai, domin Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karanta mana duk azumi, a can yake kwance kusa da Bab Ailan, ya rasu a 1149. Imam Jazuli mai Dala'ilul Hairati shi ma kabarinsa yana can. Su biyun suna cikin waliyyai bakwai da ake ziyarta a garin. Akwai hasumiyar Kutubiyya mai tsayin mita 77, wadda daga ko'ina kake hango ta, ita ce za ta hana ka ɓata. Akwai kangon fadar Badi, ta Sarki Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta karya daular Sangai a Tondibi a 1591, aka kuma kwaso malaman Timbuktu zuwa Marrakish, cikinsu har da Ahmad Baba. Wanda ya san wannan labari ba zai kalli ganuwar nan kamar sauran masu ɗaukar hoto ba.

Matsalar ita ce Marrakish tana son lokaci da kuɗi da haƙuri. Wuraren a warwatse suke, wasu sai da layi da kuɗin shiga. Dandalin Jami'ul Fana da daddare abin kallo ne, ga masu gasa nama, ga makaɗan Ginawa, masu wani kiɗan gargajiya na ƙasar, ga gardawan macizai, amma kowa hannunsa a buɗe yake: ka ɗaga waya ka ɗauki maciji ko biri, sai ka biya. Babura suna kutsawa cikin lunguna, ba a tafiya da sakin jiki. In kuma lokacin zafi ne, zafin ranar can yakan haura digiri 40, tsakanin azahar da la'asar ba abin da za ka iya. A kwana biyu za ka dawo da hotuna da gajiya, ba ka zauna ko'ina ba.

Fas ma tana da nata. Samari za su bi ka suna cewa hanyar gaba a rufe take, su nuna maka wata, ƙarshenta shagon wani ne. Ka ce "la, shukran" ka wuce, in ka rikice ka tambayi mai shago da ke zaune. Da sanyi kuma garin yana da sanyi sosai, tsofaffin gidajen ba sa ɗumi, ka tafi da rigar sanyi mai kauri. Wajen sayayya duka biyun sai da ciniki, amma na fi samun sauƙin baki a Fas. Abinci kuwa, Marrakish ta yi suna da tanjiya, naman da ake dafawa cikin tulu a toka mai zafi, Fas kuma da bastila, wadda ke haɗa nama da zaƙi. Ba kowane bakin Bahaushe ke karɓarta ba, ka fara da ƙarama.

Ga yadda zan yi in ni ne. Jirgin yammacin Juma'a, kwana a cikin tsohon birni kusa da Bab Bujulud don kada ka sha wuyar jan jaka. Asabar gaba ɗaya ta cikin birni ce, ka fito tun shaguna ba su gama buɗewa ba, ka yi azahar a Ƙarawiyyin, la'asar a zawiya. Kafin magariba ka hau tudun kaburburan Mariniyawa, sarakunan ƙasar na da, ka jira kiran salla ya tashi daga masallatan birnin a lokaci guda. Lahadi da safe ka yi tsarabar gida, takalman balga, wato silifas ɗinsu na fata, da jakar fata ga su Hajiya, ka kama jirgin azahar. Ƙaramin tasin Fas ja ne, ba shuɗi irin na Rabat ba, kuma ka ce a kunna mita kafin ka zauna.

In ka isa zawiya, ka sa mu a addu'a. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya.