Aswan ko Luksor: Alhaji, ka kai Hajiya Aswan

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Tunda likitan na Alƙahira ya ba ku 'yan kwanaki kafin ya sake duba gwiwar, kuma kana neman wanda za ka zaɓa tsakanin Aswan da Luksor domin ta sha iska, to ka kai ta Aswan. Duka biyun na taka su tare da Baba lokacin da aka yi masa aikin ido, kuma har yau idan hira ta biyo ta kan Masar a zaurenmu nan Auyo, Aswan yake ambata.

Garuruwan biyu a bakin Kogin Nilu suke, can kudancin ƙasar. Daga Alƙahira Luksor ake fara tararwa, sai an ƙara tafiyar kilomita 200 da ɗoriya a isa Aswan. Jirgin ƙasa kwana ake yi a cikinsa, ya haura awa 12. Jirgin sama kuwa wajen awa ɗaya da rabi ne. Da mai ciwon gwiwa, ka daure ka biya na sama, amma ka fara jin ta bakin likita tukuna.

Abin da ya raba su a wurina shi ne, Luksor da ƙafa ake kallonta, Aswan kuwa a zaune. A Aswan kogin ne abin kallon. Nan ne Nilu ya rarrabu tsakanin tsibirai da manyan duwatsu baƙaƙe da ruwa ya goge, a gaɓar yamma kuma rairayin hamada ya gangaro har bakin ruwa. Akwai wani jirgin ruwa mai tanti da suke kira faluka, ba shi da inji, iska ce ke tura shi. Bayan la'asar muka shiga, matuƙin ya riƙo hannun Baba ya tsallakar da shi ta kan wani katako siriri, ya jingina masa matashi. Mutumin Banube ne, baƙi kamar mu, cikin farar jallabiya. Da muka yi nisa sai ya maƙale sandar tuƙin da ƙafarsa, ya kunna ɗan risho a bayan jirgin, ya dafa mana shayi da na'a-na'a a ƙananan kofunan gilashi. Baba, wanda a bakin Kogin Hadeja ya girma, ya tsoma hannu ya ɗebo ruwan ya daɗe yana kallo da idonsa da bai jima da buɗewa ba, yana mamakin yadda kogi mai girma haka ba shi da laka ko kaɗan. Magariba ta same mu a kan ruwa, kiran salla na tashi daga gabas da yamma, matuƙin ya juya mana jirgin ya nuna alƙibla, Baba ya yi sallarsa a zaune. Tun da muka bar gida ban ga hankalinsa ya kwanta kamar wannan yammacin ba. Wannan nake yi wa Hajiya fata.

Rashin lakar nan yana da dalili, kuma kai da kake noman rani za ka so ka gani da idonka. Kaɗan kudu da garin akwai babbar madatsar ruwan Aswan, wadda aka fara ginawa a 1960 zamanin Jamal Abdul Nasir da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka gama a 1970. Tsayinta mita 111, tsawonta ya kusa kilomita 4, ruwan da ta tare kuma shi ne Tafkin Nasir, mai tsawon wajen kilomita 500 har cikin Sudan. Kafin ita, kowace shekara Nilu sai ya yi ambaliya ya shimfiɗa wa gonaki sabuwar laka. Da aka tare shi, ambaliyar ta tsaya, aka samu wutar lantarki, manomi ya koma shuka sau biyu ko uku a shekara, amma lakar ta riƙa kwanciya a bayan madatsar, dole aka koma ga takin zamani. Mu da muke ƙasan Tiga da Challawa mun san irin wannan ciniki, mun ga abin da ya ƙaru, mun kuma ga abin da fadamarmu ta rasa. Mota tana hawa har kan madatsar, Hajiya ba sai ta yi tafiya ba.

Waɗanda suka fi kowa biyan kuɗin wannan aiki Nubawa ne. Sama da mutum 100,000 aka tasa daga garuruwansu a Masar da Sudan, ruwa ya cinye gidajensu da gonakin dabinonsu da maƙabartun iyayensu. Na Masar aka kai yawancinsu wajen Kom Ombo, nesa da kogin da suka saba. Akwai gidan tarihinsu a cikin Aswan da aka buɗe a 1997, yana da sanyi da wurin zama, ya cancanci safiya guda. Amma abin da Hajiya za ta fi so shi ne ƙauyensu na Garb Suhail, da jirgin ruwa mai inji ake zuwa. Gidajen an shafe su da shuɗi da rawaya, an zuba rairayi a tsakar gida, ana kawo wa baƙo zoɓo mai sanyi ko ruwan goruba, mata na zana lalle. Wasu gidajen suna ajiye kada a cikin kwarami da aka rufe da waya, a kula da yara idan akwai. Ƙauyen ya saba da 'yan yawon buɗe ido, kusan komai na kuɗi ne, amma gaisuwarsu da kunyarsu da yadda suke girmama tsoho ba na sayarwa ba ne.

Idan gwiwar ta yarda, akwai tsibirin lambu da ake kira da sunan Kitchener, hanyoyinsa a shimfiɗe suke, inuwa ko'ina. Akwai kuma tsohon ginin Fila, wanda ruwa ya so cinyewa aka kwance shi dutse bayan dutse aka sake ɗora shi a tsibirin Agilkiya, aikin ya ƙare a 1980. Shi ma da jirgi ake zuwa, sai dai akwai ɗan hawa daga bakin ruwa. Abu Simbel kam kada ka ɗauke ta. Za su yi ta tallata maka shi, kuma lallai gumakan Ramsis na Biyu masu tsayin mita 20 abin mamaki ne, amma kilomita 280 ne cikin hamada, tun kafin asuba ake tashi, a yi zaman mota na awa 3 ko fiye zuwa, haka dawowa. In kana so ka je kai kaɗai, ka bar ta ta huta.

Luksor ba zan ce babu abin gani ba. Tsohon gidan bautar fir'aunoni na Karnak da ginshiƙansa 134 gaskiya ne, Masallacin Abul Hajjaj da ke zaune a cikin tsohon ginin fir'aunoni ana salla a cikinsa har yau, Kwarin Sarakuna kuma yana da kaburbura sama da 60. Amma duk tafiya ce a rana da gangara cikin rami mai zafi, Baba a rumfa ya zauna yana jirana bayan an biya masa kuɗin shiga, masu keken doki kuma ba su bar mu mun yi taku goma cikin natsuwa ba. Kuɗin da na kashe a can har yanzu ina jin su. Idan gawar fir'aunoni ce Hajiya take son gani don wa'azi, yawancinsu ma ba sa can, tun 2021 suna gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, nan cikin Alƙahira inda kuke.

Lokacin tafiyarku ma abin dubawa ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana tana da daɗi, dare kuma akwai sanyi sosai musamman a kan ruwa, a tafi da rigar sanyi da mayafi mai kauri. Daga Yuni zuwa Agusta zafi yana wuce digiri 40 kusan kullum, sai dai a fita da sassafe da kuma bayan la'asar. Ruwan sama kuwa kusan ba a yi a Aswan, ana iya shekara ba a ga ɗigo ba.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka, domin mutum mai jinya hankalinsa a rabe yake, kuma macuta suna gane shi. Kafin ku sa ƙafa a faluka ko mota, a yanke kuɗi, a faɗi tsawon lokaci, a tabbatar har da dawowa, kuma kuɗin na ku duka ne ba na mutum ɗaya ba. Ka sa ya rubuta adadin a wayarka, ka ce fam na Masar, domin akwai masu jira sai an sauka su ce ai fam na Ingila suke nufi. Kada ka biya sai kun dawo gaɓa. Wanda ya miƙo maka abu ya ce kyauta ce, kada ka karɓa. A kasuwar Aswan za ka ga tulin jan abu ana ce maka za'afaran ne a farashi mai sauƙi, furen wata shuka ce daban, na gaske tsadarsa ba ta barin a tula shi a faranti. Takardar zane da suke cewa ta zamanin fir'auna ce, mai arhar da ganyen ayaba ake yin ta, tana karyewa in ka naɗe. Duk wanda ya ja ka gefe ya ce ga dutse ko ɗan gunki da aka tono daga kabari, ka bar wurin. In na ƙarya ne ka yi asara, in na gaske ne fitar da shi laifi ne babba a dokar Masar. Zoɓo kuwa kada a sa ka biya shi da tsada, mu da muke nomansa har ana lodinsa zuwa ƙasashen waje. Dabinonsu busasshe dai yana da kyau, ka ɗanɗana kafin a auna, kuma ka tsaya a auna a gabanka. Haka masu haɗa tafiya da ke zagaye masaukan majinyata a Alƙahira, masu cewa ka ba da kuɗi dunƙule su shirya komai. Akwai na kirki, amma ka nemi sunan otal a rubuce ka kira da kanka. Kuɗin shiga wuraren tarihi na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, wannan doka ce ba cuta ba, kuma wurare da yawa yanzu da kati kawai ake biya, ka tabbatar naka yana aiki a waje.

Masauki ka nema a gaɓar gabas, kan titin bakin kogi, mai na'urar hawa bene, ɗakin kuma tagarsa ta kalli ruwa. Gidajen baƙi na tsibiri da na ƙauyen Nubawa sun fi kyau a hoto, amma kowace fita sai an shiga jirgi an hau matakala, gwiwa ba za ta ɗauka ba. Abinci ba matsala, akwai gasasshiyar karfasa daga tafkin, da shinkafa, da wake da burodi da safe. Ka riƙe takardun asibitinta da magungunanta a jakar hannu, ka kuma sayi tikitin dawowa yadda za ku iso Alƙahira ana gobe ganin likita, ba a ranar ba. Ka gaishe min da Hajiya da jiki.