Ludgrove ko Summer Fields: ina za a kai yaro?

Duka biyun makarantu ne a Ingila da aka kafa domin yara maza, suna shirya su zuwa shekara 13 don shiga manyan sakandare irin su Eton da Harrow.

Summer Fields ce babba a shekaru. Archibald Maclaren da matarsa Gertrude suka buɗe ta a 1864 a unguwar Summertown cikin Oxford, filayenta sun gangara har bakin kogin Cherwell. Harold Macmillan, tsohon firaministan Birtaniya, a nan ya yi karatu. Tana karɓar 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo, kuma wannan ne ya fi kwanta mini a rai, domin yaro ɗan shekara 8 bai gama buƙatar ɗumin uwarsa ba.

Ludgrove kuwa ta kwana ce zalla. Arthur Dunn, ɗan ƙwallon Ingila, ya kafa ta a 1892 a Cockfosters da ke arewacin Landan, a 1937 ta koma kusa da garin Wokingham, cikin fili mai faɗi da itatuwa da filayen wasa. Yarima William da ƙaninsa Harry sun yi karatu a can. Iyalin da ke nesa, makarantar da kowa ke kwana ta fi musu, don ɗansu ba zai ga abokai suna tafiya gida kullum yamma ba.