Ƙamusun Dictionaries of the Scots Language da tsohon sunan majemi

Neman sunan da mutanen Sikotilan na dā suke kiran majemi ne ya kai ni shafin Dictionaries of the Scots Language, wanda aka buɗe a intanet a shekarar 2004, kuma kowa na iya amfani da shi kyauta. Shafin ya haɗa manyan ƙamusu biyu: na tsohon harshen Scots (harshen Sikotilan mai dangantaka da Turanci) har zuwa 1700, mai juzu'i 12, wanda Sir William Craigie ya aza harsashinsa aka kammala a 2002, da kuma mai juzu'i 10 da ya ɗora daga 1700 zuwa zamaninmu.

Kalmar ita ce “barker”, wadda tsofaffin takardu sukan rubuta “barkar”. Asalinta “bark” ne, wato ɓawon itace, domin da ɓawon itacen oak ake jima a ƙasar: a daka shi, a jiƙa shi cikin rami, a tsoma fata ta yi wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ta zama ƙirgi. Ke nan sun raɗa wa mai sana'ar suna ne daga abin da yake jima da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ƙamusun yake jero jimlolin da kalma ta fito a cikinsu, kowace da shekararta da takardar da aka ciro ta, har mai karatu ya bi sawunta da idonsa. Wannan ya taimaka mini wajen fahimtar dalilin da ya sa a birnin Gilasgo na Sikotilan a ƙarni na 16 majema da masu ɗinkin takalma suke ƙungiyar sana'a ɗaya, tunda ƙirgin wancan shi ne jarin wannan. Na kuma ga “barkit”, wadda da farko take nufin jemammiyar fata, daga baya ta koma siffanta abin da dauɗa ta daskare a kansa.

Sai dai shafin yana bukatar haƙuri, domin misalan suna nan da tsohon rubutunsu ba tare da fassara ba, sunayen takardun kuma a taƙaice suke. Shawarata ga mai bincike ita ce ya gwada rubutun kalma iri biyu ko uku, kuma ya duba ƙamusun biyu, saboda tsohuwar ma'ana tana ɗaya, sabuwar tana ɗayan.