Wucin gadi ko kwantiragi? Amsa ga Sista

Sista, kin ce wani asibitin kuɗi a cikin Katsina ya neme ki aikin wucin gadi, wata ƙungiyar agaji kuma ta miƙo miki kwantiragin shekara guda, duka biyun da sharaɗin za a riƙa kiranki bayan kin tashi aiki. Ni dai da ni ce, kwantiragin zan ɗauka.

Wucin gadi toshe gurbi ne. Wata ta tafi hutun haihuwa, ko damina ta kankama zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin yara, sai a nemo ki. Galibi da baki ake gama magana, ba takarda, kuma ranar da mai gurbin ta dawo "za mu neme ki" ce sallamarki. Amfaninsa ɗaya: hannunki ba zai manta sa ruwa da allura ba.

Kwantiragi kuwa a rubuce yake: ranar farawa da ƙarewa, albashi, hutu. Ki tambayi fansho ma. Dokar fansho ta 2014 ta ce wurin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, mai aikin zai zuba kashi 10 cikin ɗari, a cire kashi 8 daga albashinki. Sai dai ƙungiyoyin nan, irin masu kula da yara masu tamowa, da tallafi suke tafiya. In ya yanke, ba sabuntawa, komai ƙwazonki.

Zancen kiran nan ne wurin da ake kwarar mutane. A asibitocin gwamnati, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya, akwai alawus ɗin kol, wato kuɗin zaman jiran kira, a tsarin albashi, da jadawali a manne jikin bango. A asibitin kuɗi kuwa abin da kuka yi ne kawai. Za a biya ki zaman jiran, ko sai waya ta yi ƙara? In haihuwa ta zo ƙarfe biyun dare kina Ƙofar Ƙaura, wa zai ɗauko ki, tunda ba a samun Keke Napep a lokacin? Akwai ɗakin kwana? Washegari hutu ne ko kin ci gaba da aikin safe? Maigida ma ya san da wannan tun yanzu.

Kafin ki sa hannu, duba kwana nawa ake so ki ba da sanarwa in za ki bari, don kada gwamnatin jiha ta buɗe ɗaukar ma'aikatan dindindin takarda ta ɗaure ki.