Sharhi kan jakar kayan nutso mai tayoyi bayan tafiya da ita a jirgin sama

Jakar nan tana cikin manyan jakunkuna masu tayoyi biyu da mariƙi waɗanda ake ɗinkawa musamman domin masu nutso cikin teku, kuma da ita na je Hurgada da ke gaɓar Bahar Maliya a Masar. Ta fuskar ƙarko ban ga aibinta ba. Yadinta mai kauri ne, gindinta na da tauri, kuma duk jifar da masu lodi suka yi da ita ba ta yage ko'ina ba. Aljihunan gefe guda biyu sun ɗauki dogayen takalman iyo daidai, har suka zama kariya ga rigar iska (wadda mai nutso ke hura wa iska don daidaita hawa da saukarsa a cikin ruwa) da rigar roba da na naɗe a tsakiya.

Inda take da matsala shi ne nauyinta. Yawancin kamfanonin jiragen sama suna ba fasinjan ƙaramin aji kilo 23 a kowace jaka, tare da sharaɗin kada tsawo da faɗi da kauri su haura santimita 158 idan an haɗa su. Ita kuwa wannan jaka, tun ba a sa komai a cikinta ba ta wuce kilo huɗu a sikelina, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka yarje wa mutum ya tafi a kan yadi da ƙarfe da taya. Wanda ya mallaki cikakken kayan nutso kuma yake yawan tafiya zai amfana da ita, amma mai niyyar hayar yawancin kayansa a can, akwati marar nauyi ya fi masa.

Abin da ya ƙara rage mata amfani a wurina shi ne kayan da suka fi muhimmanci ba a cikinta suke tafiya ba. Na'urar numfashi da kwamfutar nutso (mai auna zurfi da lokacin nutso) da gilashin fuska a jakar hannu na riƙe su, domin abin da ran mutum ya dogara a kansa a ƙarƙashin ruwa bai kamata ya bar shi a hannun masu lodi ba. Batiran litiyam na ajiya ma doka ta hana a sa su cikin kayan da ke shiga ƙasan jirgi. Wuƙar nutso ce kawai dole ta bi babbar jaka. Tukunyar iska da dalmar da mai nutso ke ɗaurawa don ƙara nauyi kuwa, cibiyoyin nutso ne ke bayarwa.

Ranar dawowa na fi jin rashin hudar shan iska a jikinta. Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, tana ba da shawarar a jira aƙalla awa 18 kafin hawa jirgi bayan nutso na kwanaki a jere, saboda iskar naitirojin da ta taru a jiki ta samu fita, kuma a wannan tazara na shanya kayana. Duk da haka rigar roba ba ta bushe sarai ba, damshin ya ƙara nauyi a ma'auni, sannan jakar ta riƙe wari. Zif ɗinta na ƙarfe ma ya fara cijewa saboda gishiri, sai da na wanke shi da ruwan daɗi na shafa masa mai kafin ya saki.