Gyara fuskar Excel da Word: wane kayan aiki ya dace da mai aikinka?

Yawancin aikin da masu haɗa manhaja ke samu a unguwannin Aboabo da Asawase da Adum na Kumasi iri ɗaya ne. Mai kantin magani, ko ɗan canji, ko makarantar Islamiyya, suna son maɓallai huɗu ko biyar a saman Excel: na buga rasit, na rufe lissafin yini, na fito da masu bashi, yaron shago ya danna kawai ba sai ya yi lalube ba. Kwamfutar mai aikin ce za ta zaɓa maka hanya. Don haka kafin ka yanke kuɗi, shiga File, ka buɗe Account, ko Help in na 2010 ne, ka ga Office na wace shekara ne, 32-bit ne ko 64-bit. Ka kuma tambaya ko intanet na zama a wurin, ko sai an kunna data a waya.

Mafi sauƙi ita ce Customize Ribbon da ke cikin Options tun Office 2010, Ribbon kuwa shi ne jerin shafuka da maɓallan da ke saman Excel da Word. Babu kod, babu kuɗi, cikin minti goma ka jera maɓallai ka ɗaura musu makiro, wato jerin umarnin da ke gudana da dannawa ɗaya. Aibinta shi ne gyaran yana zama a kan kwamfutar, ba ya bin fayil, kuma in ka kwashe shi ka zuba a wata, zai shafe duk gyaran da mai ita ya riga ya yi. Ta ishi mutum ɗaya mai kwamfuta ɗaya.

Ga shago mai kwamfuta biyu zuwa goma, shawararmu RibbonX ce, wato tsara Ribbon da rubutun XML, tare da VBA, harshen da ake rubuta makiro da shi a Office. Fayil ɗin xlsm ko xlam ƙunshi ne na zip, a cikinsa ake ajiye ɗan rubutun XML mai bayyana shafinka da maɓallansa. Kada ka kwance zip da hannu. Sauko da Office RibbonX Editor na Fernando Andreu, kyauta ne a GitHub, kuma shi ya gaji tsohon Custom UI Editor. Rufe fayil ɗin a Excel tukuna, domin in yana buɗe, ajiyar Excel za ta danne abin da ka rubuta. Sai ka ƙara customUI14.xml in duk kwamfutocin na 2010 ne zuwa sama, ko customUI.xml in har akwai mai 2007. Kowane maɓalli ka ba shi id da babu mai irinsa, da label, da onAction mai ɗauke da sunan makiro, da imageMso in kana son hoton da Office ke da shi. Editan zai duba kurakurai, ya kuma fitar maka da kan kowane makiro, ka kwafa ka kai VBA.

Inda ake tuntuɓe sananne ne. Harafi babba a gurbin ƙarami, ko id biyu masu suna ɗaya, sai shafin ya ƙi fitowa, Excel kuma ya yi gum. Kunna Show add-in user interface errors a ƙarƙashin Advanced, zai faɗa maka layin da ya lalace. Makiro da babu control As IRibbonControl a kansa ba zai amsa dannawa ba. Alaƙa da Ribbon da makiron onLoad ke riƙewa idan an buɗe fayil kuma takan ɓace da zarar VBA ya ci karo da kuskuren da ba a tare ba, daga nan Invalidate, umarnin sabunta maɓallai, ya daina aiki sai an sake buɗe fayil. Tun 2022 Office na toshe makiro a fayilolin da suka zo ta intanet, saboda haka wanda aka sauko da shi daga imel sai an shiga Properties an danna Unblock, ko a ajiye shi a foldar da aka sa cikin Trusted Locations. Wannan ya kamata ka nuna wa mai shagon da kanka, in ba haka ba wayarka ba za ta huta ba.

Wata hanyar, VSTO, kayan Microsoft na gina ƙari ga Office, na wanda ya iya harshen C# ne, yana kuma son kod da ba kowa zai leƙa ba, tunda kalmar sirrin VBA ba ta hana mai naci. Ana gina shi a Visual Studio, wanda Community ɗinsa kyauta ne ga mutum ɗaya. Sai dai Windows kaɗai yake hawa, yana kan .NET Framework, kowace kwamfuta sai an girka mata shi, kuma sabon Outlook ba ya karɓarsa. In Excel kaɗai ne aikin, duba Excel-DNA: kyauta, yana fitar da fayil na xll, yana karɓar XML ɗin Ribbon, amma ka haɗa na 32-bit da na 64-bit daban.

Hanyar da Microsoft ke turawa yanzu ita ce Office Add-ins, da JavaScript da HTML, masu aiki a Windows da Mac da burauza. Ga kamfani mai biyan Microsoft 365 da rassa a Accra da Kumasi da Tamale, babu kamarta, domin gyara ɗaya a saba, wato kwamfutar da ke riƙe da aikin a intanet, ya isa kowa. Amma shafin yana zaune ne a saba mai HTTPS da za a riƙa biya duk shekara, kuma ran da dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ta kashe rautar intanet ko data ta ƙare, maɓallin rasit ya tsaya alhali masu saye na tsaye. Tsofaffin Office da ke zuwa a kwamfutocin hannu na biyu ma ba duka ke nuna maɓallansa ba.

Mai LibreOffice ba ya cin moriyar RibbonX ko kaɗan. Nasa Tools ne da Customize, ko ƙari na oxt. A Google Sheets kuwa, Apps Script zai ba ka jerin umarni naka ta onOpen, da allon gefe, amma ba zai taɓa maɓallan asali ba.

Ko wanne ka ɗauka, gwada shi a kan mafi tsufan kwamfutar shagon, da intanet a kashe, kafin ka karɓi cikon kuɗinka. Ka kuma sanar da mai aikin cewa Microsoft ta daina tallafa wa Office 2016 da 2019 tun 14 ga Oktoba, 2025, ya sa kuɗin sabuntawa a lissafinsa.